Takwara Ba Ɓarawo Ba Ne: Idan Littafi da Fim da Waƙa Suka Haɗa Suna

"Assalamu alaikum Malam. Ni marubuciya ce daga Gusau. Shekara biyu da suka wuce na rubuta wani labari, ina sakinsa shafi-shafi a WhatsApp da manhajar karanta labarai ta Wattpad har na kammala, yanzu kuma ina tara kuɗin buga shi. Kwatsam makon jiya ƙawata ta turo min tallan wani fim mai dogon zango a YouTube, sunansa sak da na littafina. Da na bincika sai na ga har da waƙa mai wannan sunan. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Malam, sata aka yi min? Ina da ikon hana su? Ko in canza sunan nawa tun kafin a ce ni na kwaikwaye su?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ƙara basira. Da gangan na cire sunan littafin daga wasiƙarki, don kada wani ya ɗauka shi nake nuna wa yatsa, alhali ban kalli fim ɗin ba, ban kuma karanta littafinki ba. Abin da zan faɗa wa masu karatu kawai shi ne, sunan rabin wata karin magana ce da kowace tsohuwa a ƙasar Hausa ta sani. Ki riƙe wannan a ranki, domin za mu dawo kansa.

Tambayarki uku ce a dunƙule: ko haɗuwar suna shaida ce ta sata, ko doka ta ba marubuci ikon mallakar suna, da kuma abin da ya fi dacewa ki yi tunda ba ki kai littafin maɗaba'a ba tukuna. Ni dai aikina tace rubutu ne, na littattafai da na wasannin rediyo, kafin nan kuma na yi shekaru a ɗakin ajiyar faya-fayai na wani gidan rediyo. Ba lauya ba ne ni. Inda maganar ta shiga doka zan faɗi abin da aikin ya koya min, amma idan ta kai ga shigar da ƙara, lauya za ki nema.

Mun gaji abin, ba yau ya fara ba

A makonnina na farko a gidan rediyo aka miƙo min katin wani mai sauraro na shirin gaishe-gaishe. Abin da ya rubuta kawai: a sa masa Bakandamiya. Na shiga ɗaki na zaro ta Alhaji Mamman Shata, tunda ita na tashi ina ji, aka sa. Wani dattijo da muke aiki tare ya karɓi katin ya juya bayansa, ya nuna min adireshin da ɗan yatsa, ya ce, "Yaro, ka ga daga inda ya rubuto? Mutumin wajen Isa da Shinkafi in ya ce Bakandamiya, ta Narambaɗa yake nufi." Bayan mako biyu kuwa sai ga wasiƙar mutumin cikin ajami, yana cewa ya gode, amma ba ita ya ce ba.

A ranar na fara gane cewa makaɗanmu na gargajiya ba sa raɗa wa waƙa suna irin yadda ake rubuta take a bangon littafi. Waƙa tana da amshi, tana da ubangidan da aka yi wa, da su ake kiranta. Yawancin sunayen da kike gani a jikin tsofaffin kaset, ma'aikatan rediyo da masu sayar da kaset ne suka laƙaba su don su gane faifai. Bakandamiya kuwa ta zama sunan waƙar da makaɗi ya zuba duk ƙarfinsa a ciki. Ibrahim Narambaɗa yana da tasa, Shata yana da tasa, ba su haɗa kiɗa ba, ba su haɗa baiti ba, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ɗaya ya saci ɗaya ba.

Ko a zauren karatu haka abin yake. In kika ce Fathul Bari, kowa zai ɗauka na Ibnu Hajar kike nufi, wanda ya rasu a 852 bayan Hijira. Amma Ibnu Rajab, wanda ya riga shi rasuwa a 795, shi ma yana da Fathul Bari, kuma shi ma sharhin Sahihul Buhari ne. Suna ɗaya, littafin da ake wa sharhi ɗaya. Malamai suka warware matsalar cikin sauƙi: su ce na wane, su ce na wane.

Misalin da na fi so in ba ɗalibai shi ne Ruwan Bagaja. Kafin a haifi Abubakar Imam akwai tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda ƙila kakarki ta yi miki: 'yar bora da aka tura ta wanko ƙirgi, tana tafe tana tambayar kowane kogi ko shi ne ruwan Bagaja, ta gamu da cinya da kare ta yi musu ladabi, ta dawo da arziki, 'yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya ta kwaso wa kanta wahala. Da Imam ya shiga gasar rubutu ta 1933, wadda aka buga littattafanta a 1934, sai ya ɗauki wannan suna ya ɗora wa wani labari daban: Alhaji Imam ne ya bazama duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, suna ta yi wa juna ƙeta shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Babu bora, babu mowa, babu ƙirgi. Abin da ya ara shi ne ƙamshin sunan, wato ruwa mai nisa, mai wuyar samu, wanda sai an sha wuya ake kai gare shi. Mai karatu na wancan zamani yana ganin bangon littafin ya riga ya san tafiya za a yi. Wannan gwaninta ce, kuma har yau ita muke yabawa.

Kusa da mu kuma akwai Turmin Danya. Sulaiman Ibrahim Katsina yana da littafi mai wannan suna tun farkon shekarun 1980, a kan fasa-ƙwauri da cin hanci. A 1990 kuma ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin bidiyo mai suna Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin wannan sana'a da yau ake kira Kannywood. Kalmar ba ta ɗayansu ba ce, kirari ne na mai ƙarfi da juriya da ke bakin mutane tun da daɗewa.

Me ke sa suna ya haɗu

Hanya mafi tsabta ita ce a ɗauki littafi a mayar da shi fim ko wasan talabijin, a bar masa sunansa domin jarin da sunan ya riga ya tara. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1934, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Magana Jari Ce ya shiga talabijin. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu duk sun tashi daga takarda sun koma kaset a shekarun 1990. A nan suna ɗaya ne saboda labarin ɗaya ne, kuma irin wannan shi ke buƙatar izinin marubuci.

Sai kuma waƙar fim. Tun zamanin Sangaya a 1999 aka saba fim ya zo da waƙar da ke ɗauke da sunansa, a saki waƙar ta zaga gari, mutane su haddace amshin kafin su ga fim ɗin. Finafinan Indiya da muka tashi muna kallo haka suke yi. Har abin ya kai suna yana tsallakewa daga fim ko waƙa ya manne wa mutum, shi ya sa muke da Rukayya Dawayya da Sadiya Gyale da Maryam Sangandale. Na kawo wannan ne saboda ke. Kin ce kin ga fim, kin kuma ga waƙa, sai hankalinki ya ƙara tashi kamar an yi miki taron dangi. Ki koma ki duba wanda ya ɗora waƙar da ranar da aka ɗora ta. Zato mafi ƙarfi shi ne waƙar ta fim ɗin ce, an sake ta don talla. In haka ne, takwara ɗaya gare ki, ba biyu ba.

Hanya ta uku ita ta fi yawa, kuma ita nake zaton ta same ki: rijiya ɗaya muke ɗiba. Marubucin Hausa in ya zo raɗa suna, ina yake dosa? Karin magana, sunan mace, ko kalmomin nan da ba sa wuce ashirin: so, ƙauna, ƙaddara, rabo, amana, haƙuri, sirri, zuciya, hawaye, rayuwa, kishiya. Ki ɗauki biyu daga ciki ki haɗa, ki rubuta a YouTube, ki ga abin da zai fito. Da can littattafan da ake bugawa a shekara ana iya ƙirga su, mai shagon littattafai a kasuwa ya san su kaf. Yanzu dubban mata da maza ne ke rubutu a waya, tashoshin YouTube ba su ƙirguwa, kowane yaro mai kwamfuta yana da sutudiyo a ɗakinsa. Masu ɗiba sun ninku, rijiyar ba ta ƙara faɗi ba. Dubi Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wanda aka fara nunawa a 2015. Kafin shirin akwai garin Daɗin Kowa a jihar Gombe mai madatsar ruwa, akwai unguwar Daɗin Kowa a Jos, ban da gidajen abinci da shaguna. Dubi Labarina na Aminu Saira. Kalma ce da duk mai baki zai iya furtawa. Shirin ne ya yi ƙarfi har ya zama in an faɗe ta shi ake tunawa.

Ta huɗun ita ce mai matsala, wato sojan gona. Mutum ya ga wani aiki ya karɓu, sai ya ɗauki sunansa, wani lokaci har da irin rubutun bango da launinsa, don mai saye ya ɗauka wancan ne ko ci gabansa. Wannan yana faruwa, na gani da idona. Amma ki lura, mai sojan gona yakan shiga inuwar wanda ya fi shi suna ne. Ki tambayi kanki tsakani da Allah: littafinki ya yi tashen da furodusa zai nemi ya raɓa da shi? In amsar e ce, to akwai abin dubawa.

Abin da doka ta tanada

A Najeriya muna aiki da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ce ke kula da ita. Abu na farko da zai kwantar miki da hankali: labarinki yana da kariya tun ranar da kika rubuta shi, ko a waya ne, ko ba ki buga ba, ko ba ki yi rajista ba. Kariyar tana nan tsawon rayuwarki da shekara 70 bayan rai ya yi halinsa. Ba wanda ke da ikon mayar da shi fim ko wasan rediyo sai da izininki. Rajista da hukumar ba wajibi ba ce, amfaninta shi ne ta zame miki shaida.

Abin da dokar ke karewa shi ne aikin da kika yi, yadda kika tsara labarin kika zuba shi cikin kalmominki. Ba ta kare tunani tsagwaronsa. Ba mai cewa shi ya mallaki labarin auren dole, ko na kishiya mai asiri, ko na ɗan mai kuɗi da ya so 'yar talaka. Suna kuma, a tsarin shari'ar da muka gada daga Ingila, ana ɗaukarsa ya yi gajarta da a kira shi aikin adabi mai zaman kansa. Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita a kan wannan ta yi kama da taki sosai, don waƙa ce da fim. Akwai wata tsohuwar waƙar Turanci ta farkon shekarun 1890 mai suna The Man Who Broke the Bank at Monte Carlo, ma'ana mutumin da ya cinye gidan caca na Monte Carlo kaf. A 1935 kamfanin Twentieth Century Fox ya fitar da fim mai wannan suna daidai, amma bai sa kiɗan waƙar ko baitinta ba. Kamfanin Francis, Day and Hunter, mai haƙƙin waƙar, ya kai ƙara a Kanada, maganar ta yi ta hawa har ta kai kotun ƙoli ta daular Ingila a Landan. A 1939 alƙalan suka yanke cewa suna shi kaɗai, a mafi yawan lokuta, bai kai a ce an keta haƙƙin mallaka a kansa ba. Suka ƙara da cewa ba wanda zai sayi tikitin fim yana zaton takardar waƙa ya saya, don haka zargin sojan gona ma bai tsaya ba. Ki duba tsawon wannan suna, kalma tara, amma bai samu kariya ba. Ina ga rabin karin magana da kika tarar a bakin iyaye?

Wannan ba yana nufin ƙofa a buɗe take ga kowa ba. Shari'armu ta san laifin sojan gona a kasuwanci, amma mai ƙara sai ya nuna cewa sunan ya shahara da shi har jama'a in sun ji shi aikinsa suke tunawa, cewa ɗayan ya ruɗi masu saye, kuma hakan ya jawo masa asara. Akwai kuma rajistar tambarin kasuwanci a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, wadda ke ba da kariyar shekara 7 da farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Ita ta fi dacewa da sunan kamfani ko shiri mai dogon zango da ake son a gina kasuwa a kansa, kuma ana buƙatar sunan ya zama mai bambanta kayanka da na wasu. Ga littafi guda mai sunan karin magana, ban ga ribar kashe wannan kuɗin ba.

Manyan masana'antun fim na duniya sun gane cewa doka ba ta raba wannan rigima, sai suka yi wa kansu tsari. A Amurka ƙungiyar manyan kamfanonin fim tana da ofishin rajistar sunaye, membobi suka amince su bi hukuncinsa. A 2013 aka tilasta wa wani fim mai suna The Butler ya koma Lee Daniels' The Butler, saboda kamfanin Warner Bros. yana da wani ɗan gajeren fim na 1916 mai wannan suna. Ki ga maganin da aka samu: an ɗora sunan darakta a gaba, irin dai na malamanmu da Fathul Bari. A Indiya ma furodusoshi suna rajistar suna a ƙungiyoyinsu kafin su fara ɗauka. Duk wannan yarjejeniya ce tsakanin 'yan sana'a ɗaya, ba ta ɗaure na waje.

Ga 'yan'uwanmu marubuta na Nijar, kada su ɗauki wannan bayani su yafa yadda yake. Dokar Faransa ta bambanta da ta Ingila a nan, tana kare suna idan shi kansa ƙirƙira ce ta marubucin. Tunda tsarin shari'ar Nijar daga wancan ɓangaren ya taso, wanda abin ya shafa ya tuntuɓi hukumar haƙƙin mawallafa ta BNDA a Yamai.

Inda ake gane sata

Na zauna sasanci a irin wannan rigima fiye da sau ɗaya, kuma abin da nake fara yi kullum shi ne in rufe sunan da hannu in ce a kawo labarin. Wata rana wata marubuciya ta zo da kuka, ta ce an sace mata littafi an yi fim. Muka zauna da littafin da fim ɗin da takarda mai layi biyu. Nata labarin 'yar aiki ce a gidan attajiri, nasu rigimar gado ce tsakanin 'yan uba. Ban da sunan, ko gari ba su haɗa ba. Ta riga ta yi rubutu a Facebook ta kira mutumin ɓarawo, sai da ta koma ta ba da haƙuri a bainar jama'a.

Wani karon kuma abin ya zo a juye. Sunan fim daban, sunan littafi daban, sunayen taurari duk an canza. Amma a littafin, yarinyar tana da cindo a hannun hagu, kuma da wannan cindon uwarta ta gane ta bayan shekaru, a layin awo a asibiti, lokacin da ta miƙa kati. A fim ɗin ma cindo ne, hannun hagu ne, layin awo ne, miƙa kati ne. Har wata magana da kakar yarinyar ta yi, wadda marubuciyar ta ce daga bakin tata kakar ta ji ta, ta fito kalma da kalma. Da aka jera waɗannan a gaban furodusan, shiru ya yi, daga baya ya ce wani yaro ne ya sayar masa da labarin. Darasin da na ɗauka shi ne, wanda ya san ya ɗauki labarinki, abu na farko da yake yi shi ne canza suna. Barin sunan yadda yake, sau da yawa alama ce ta cewa bai ma san da ke ba.

Don haka ki kalli fim ɗin da zuciya a sanyaye. Kada ki tsaya a kan jigo, ki dubi jerin abubuwan da suka faru, wane ya biyo bayan wane. Ki dubi ƙananan abubuwan da ke kaɗai kika ƙaga, sana'ar da kika ba wani, ciwon da kika ɗora wa wata, wurin da asiri ya tonu, maganganun da suka fito daga bakin taurari. Kama ɗaya ko biyu ba komai ba ne, tunda al'umma ɗaya muke rubutawa a kai. In suka yi yawa kuma suka zo a jere, nan ne magana ta tashi.

Kafin ki yi wannan ma, ki tsare shaidarki yau ɗin nan. Ki ɗauki hoton shafinki na Wattpad inda ranar ɗora kowane babi ta fito. Ki nemo saƙonnin farko na zauren WhatsApp ɗin, ki fitar da su ki tura wa kanki ta imel, domin waya tana ɓata, kuma labarin da aka yi ta turawa daga zaure zuwa zaure yakan rasa kwanan wata, wani lokaci har sunan marubuciyar ake gogewa. In kina da littafin rubutu da kika fara zayyana labarin a ciki, ki adana shi. Sannan ki tuna ko kin taɓa tura wa wani ɗan fim labarin don ya duba, domin nuna cewa ya samu hanyar ganin aikin yana ƙara wa hujja nauyi.

Ki canza ko ki bari?

In kin duba kin ga labarin naki ne, kada ki fara da Facebook. Kiran mutum ɓarawo a fili ba tare da hujja a hannu ba yana iya juyewa ya zama ke ake tuhuma da ɓata suna. Ki rubuta wa furodusan cikin ladabi, ki jera kamannin da ranakun. Ki sa shugabannin ƙungiyar marubutan da kike ciki su tuntuɓi shugabannin 'yan fim, irin su ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN, domin yawancin waɗannan rigingimu a zaure ake kashe su, a biya marubuci a kuma sa sunansa. In hakan ya faskara, sai hukumar haƙƙin mallaka da lauya. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan ƙara, kuma hanya ce mai cin kuɗi da lokaci, ki shiga da saninki.

In kuwa suna ne kawai ya haɗa ku, ba ki da ikon hana su, su ma ba su da ikon hana ki. Sauran magana ta kasuwa ce. A ra'ayina, tunda masu karatunki sun yi shekara biyu suna kiran labarin da wannan suna, kada ki jefar da shi gaba ɗaya, jarinki ne. Amma kada ki buga shi tsirara. Fim mai dogon zango yana fitar da sabon kashi duk mako, kowane kashi da sunan a goshinsa, cikin wata uku duk wanda ya nemi sunan a intanet su zai gani shafi bayan shafi, naki ya nutse. Ki ƙara masa wani abu da zai zama naki ke kaɗai: ki cike ɗaya rabin karin maganar, ko ki ɗora sunan tauraruwarki a ƙasa, kuma sunanki ya fito ɓaro-ɓaro a bango. A shafin farko ki rubuta shekarar da kika fara sakin labarin a intanet, da layi ɗaya cewa ba shi da alaƙa da wani fim mai irin sunan. Wannan layin shi zai rufe bakin mai cewa ke kika kwaikwaya. Ki nemi lambar ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, ita ce ke bambanta littafi da takwaransa a kundin masu sayarwa da ɗakunan karatu.

Wuri ɗaya ne zan ce ki canza ba tare da waiwaye ba: idan fim ɗin ya zo da abin da ba ki so a danganta ki da shi, ko ya jawo ce-ce-ku-ce. Ba kowane mai karatu ne zai tsaya ya tantance ba, kuma ke mace ce mai rubutu da sunanki na gaskiya.

Nan gaba kuma, in wani furodusa ya zo sayen labarin, a rubuta a takardar yarjejeniya wane suna fim ɗin zai ɗauka, da cewa kina da damar ci gaba da sayar da littafinki da sunansa. Na ga marubucin da ya sayar da labari da baki, fim ya fito ya karɓu, da ya zo sake buga littafinsa aka ce masa yana cin albarkacin fim.

Ki kalli kashi biyar na farko da littafinki a gefe, ki cika takardar nan mai layi biyu, abin da ya faru a naki da abin da ya faru a nasu. Ki turo min ita tare da babi uku na farko da hoton ranakun Wattpad, in duba in faɗa miki ko maganar ta kai a nemi lauya. Ki gaida mutanen Gusau.